Jarkokin Wake Uku Da Na Hana A Buɗe

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni malamin darasin noma ne a wata sakandare mai zaman kanta, a wani gari tsakanin Funtua da Malumfashi. Ina matashi, ga sabon aure, ga rawar kai, ga son a ce na iya. Ɗalibai sun laƙaba mini Malam Me-ya-sa, domin ba na shiga aji in fita ban zuga su su yi tambaya ba. Nakan ce musu matambayi ba ya ɓata, duk wanda ya haɗiye tambaya a ajina kansa ya cuta. Wallahi har cikin zuciyata na ɗauka da gaske nake yi.

Akwai wata yarinya a aji biyar, 'yar manoma daga wani ƙauye ta wajen Danja, tana zaune a gidan gwaggonta saboda karatu. Ba ta fi kowa ƙoƙari ba, amma in ta kafe ka da tambaya sai ka yi gumi. Wata rana bayan kaka ta ɗaga hannu, ta ce kajin gwaggonta sun ci tsakin waken da aka sayo a kasuwa, kafin la'asar duk sun mutu, kuma ta lura waken ko huda ɗaya babu. Kowa a ajin ya san dalili. Wasu masu ajiyar hatsi suna yayyafa wa wake fiya-fiya, maganin ƙwarin nan mai ƙarfi, don kada ya lalace kafin ya yi tsada, sai dai ba a faɗa a fili. Ita kuwa so take ta san ko babu wata hanyar ajiya da ba sai an sa guba ba. Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, na ce kada ma in ba ta amsa, mu gwada mu gani da idonmu.

Ta kawo sabon wake daga gonar babanta, muka samo ƙananan jarkoki uku. Ta farko muka ɗiga mata fiya-fiya. Ta biyu muka gauraya da toka da barkono, yadda kakarta ke yi. Ta uku ba mu sa komai ba, muka cika ta maƙil, muka sa leda a bakin, muka murɗe marfin tamau. Muka yi shawara ba za a buɗe ba sai ranar yaye ɗalibai, a gaban iyaye, ita da kanta za ta yi bayani. Tun daga ranar kullum sai ta leƙo ofishin malamai, ta kara kunne a jikin jarka wai ko za ta ji motsin ƙwari. Nakan tsokane ta in ce ta bar su su yi barci. Abin da ban faɗa mata ba, ni ma in ofis ya zama ba kowa, kara nawa kunnen nake yi.

To, mai makarantar wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar hatsi, yana da sito-sito na wake. Ban san wa ya kai masa ba, amma labari ya isa kunnensa cewa a makarantarsa ake koya wa yara wai waken 'yan kasuwa guba ne. Shugaban makaranta ya kira ni, cikin lalama ya ce Alhaji bai ji daɗi ba, a bar maganar jarkokin nan, a nemo wani abin a nuna wa iyaye. Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ce in ci zarafin kowa ba. Amma tsoro ya kama ni, matata tana da tsohon ciki, na ga kamar har an kore ni. Washegari yarinyar ta ɗaga hannu tana tambayar ko za mu gwada bayanin da za ta yi. Na daka mata tsawa a gaban 'yan ajin, na ce ta cika shisshigi, wannan ba ya cikin manhaja, ta iya bakinta domin baki shi ke yanka wuya. Ta sauke hannunta a hankali, tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Na tura jarkokin bayan kabad, aka yi biki aka watse. Amma ina! Abin ya hana ni sakat. Me ke cikin ta ukun nan? A littafi na karanta cewa ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska, amma ban taɓa gani ba. Ana cikin dogon hutu, wata rana da hantsi bayan an ɗauke ruwa, na karɓi makulli wurin maigadi na shiga ni kaɗai. Ta fiya-fiya ina buɗewa wari ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Ta toka da barkono ta yi 'yar huda nan da can. Da na zazzage ta uku a kan tebur, sai ga wake tas kamar jiya aka sussuke shi, 'yan ƙwarin da ke ciki sun mutu a gindin jarka. Na yi ta juya shi a tafin hannuna ina dariya ni kaɗai, ina cewa ashe haka ne! Sai dariyar ta tsaya, domin mai tambayar ba ta wurin. Kuma in faɗi gaskiya tun da na fara: na kwashe waken jarka ta ukun na kai gida, matata ta dafa, muka cinye hujjar yarinyar mutane da mai da yaji.

Da aka dawo hutu ta koma kujerar baya. Sau da yawa na yi niyyar kiran ta in faɗa mata, girman kai ya hana. Ta gama makaranta ba ta sake ɗaga hannu ba, a ajina ko a na wani.

Bara na haɗu da ita a tashar motar Malumfashi, riƙe da 'yarta da ba ta wuce shekara biyar ba. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Ni kuma, kamar wanda ya kawo albishir, na ce mata jarka ta uku ce ta yi nasara, waken bai yi ko huda ba. Ta yi murmushi, ta tambaye ni wace jarka nake nufi. Sai da na yi ta tuna mata, sannan ta ce Allah sarki, ai wannan yarinta ce, in bar tunawa. Ana haka 'yar tata ta ja mata hijabi, tana tambayar me ya sa ake rufe wake a jarka. Uwar ta kwaɓe ta, ta ce ta cika shisshigi, ta iya bakinta. Na ji maganata ta fito daga bakinta ba ragi ba ƙari. Kafin in ce wani abu mota ta cika, suka shiga.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan Alhaji, amma shi ko sunan yarinyar bai sani ba. Da na kira ta gefe na ce an hana mu ne, amma tambayarta tana kan hanya, da ta ji haushi na kwana biyu ta ci gaba da tambaya. Ni na nuna mata tambayar ce laifi. Don haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, da iyaye ma, in an matsa muku daga sama kada ku huce a kan yaro. In ba za ku iya ba shi amsa ba, ku faɗa masa gaskiya cewa ba za ku iya ba. Ni dai na samu amsar jarka ta uku, amma na kai ta a lokacin da babu mai nemanta, kuma ga wata ƙaramar yarinya can tana koyon yin shiru saboda tsawar da na yi tun kafin a haife ta. Allah Ya yafe mini.