Takalman Baƙonmu na Damagaram

Abu na farko da aka koya mini a gidan rediyo shi ne kada muryata ta tona abin da ke cikina. Ko ambaliya ce, ko juyin mulki, ko sakamakon ƙwallo, da murya ɗaya ake karanta su. Aikina labaran ƙasashen waje: in tattara, in mayar da su Hausar da mai shayi da alƙali za su fahimta tare, in karanta da rana. Na daɗe ina furta kalmomi irin su takunkumi da wa'adi da tsagaita wuta, ina ɗaukarsu kayan wasu mutane ne can nesa. Sai wata damina suka biyo ni har zauren gidanmu.

Gidanmu yana cikin birni, a wani lungu da ke ɓullewa Kasuwar Kurmi, inda mahaifina yake da rumfar kayan fata. A soro na biyu akwai wani ɗaki da tun ina yaro ake ce masa ɗakin Damagaram. Kakana ne ya fara saukar wani falke daga can, da suka rasu su biyun sai Baba ya gaji ɗan falken. Dattijo ne dogo mai kaifin harshe, yana kawo ƙirgi da dabino, ya koma da turare da yadi. Mu 'ya'yan gida Kawu muke ce masa. Baba kuwa ban taɓa jin ya kira shi da wani abu ba sai Badamagare.

Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne. Kakanninsu sun gwabza yaƙi na gaske, an kashe, an kama bayi, da ƙura ta lafa sai jikoki suka mayar da abin tsokana. Kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa son ransa, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Saboda haka duk ranar da Kawu ya iso, tun daga bakin lungu ake sanin ya zo.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe?" in ji Baba. "Ga bawan gidan nan ya dawo."

"Tashi ka karɓi kayan ubangidanka, Bakano. Har yanzu kuna nan a bayan ganuwar da muka kora ku?"

"Ganuwar da kakanka ya ɗaga kai duba tsayinta har rawaninsa ya faɗi?"

"Sunkuyawa ya yi yana neman mazan garin, bai ga ko ɗaya ba."

Daga nan sai su rungume juna, a kawo tuwo a kwano ɗaya, su ci suna ci gaba. Innarmu takan ce in ba ta jiyo zagi daga zaure ba, to ba ta san yawan tuwon da za ta tuƙa ba.

A waccan daminar Kawu ya zo kamar kullum. Bai ma gama sayar da ƙirginsa ba sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu. Ni na karanta labarin. Ni na karanta na rufe iyaka, da na yanke musu wutar lantarkin da ake tura musu daga nan, da na wa'adin da shugabannin yankinmu suka bayar, cewa in ba a mayar da mulki ba za a yi amfani da ƙarfin soja. Na karanta su daidai, kowace kalma a mazauninta. Abin da masu saurare ba su sani ba shi ne autanmu soja ne, yana wani bariki a arewa. Babban ɗan Kawu shi ma soja ne, a can nasu ɓangaren.

Ranar da na karanta labarin wa'adin, na dawo gida na tarar da su a zaure, rediyo a tsakaninsu a kashe. Na gaishe su. Kawu ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Bai taɓa ce mini Malam ba. Da can aku yake ce mini, wai Kanawa har surutu biyansu ake yi.

Washegari da safe na ji abin da ya fi wannan. Kawu ya fito daga ɗakinsa, ya rusuna kaɗan, ya ce, "Alhaji, barka da asuba. An tashi lafiya? Yaya iyali?"

Baba ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Lafiya lau, Alhaji. Yaya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri."

A ko'ina cikin Kano wannan gaisuwa ce mai kyau. A zaurenmu kuwa ba a taɓa yin mummunar magana kamarta ba. Inna tana bayan ƙyaure ta ji, ta koma ciki.

Haka aka ci gaba. Ladabi ya cika gidan kamar an yi rasuwa. Suna zama a kwano ɗaya, kowa yana tura wa ɗan'uwansa nama, ba mai ɗauka. Daga baya Kawu ya ce cikinsa ba daɗi, a riƙa kai masa nasa ɗaki. Autanmu ya bugo waya ya ce an dai ce su zauna cikin shiri, bai san komai bayan wannan ba. Baba ya amsa wayar a cikin gida, murya ƙasa-ƙasa, don kada baƙo ya ji. Kawu kuma yakan fita har bakin masallaci in zai nemi ɗansa a waya. Kowannensu yana jin kunyar ɗayan a kan abin da babu hannunsa a ciki.

A kasuwa ma maganar ke nan. Albasa da dabbobin da ke zuwa daga can sun tsaya, motoci sun yi layi a bakin iyaka kayansu suna ruɓewa. Masu rumfuna sukan tare ni su ce, "Kai da kake cikin abin, za a yi ko ba za a yi ba?" Baba ma ya tambaye ni, muna tafiya masallaci.

Na ce, "Baba, wa'adi dai an bayar. Akwai masu cewa barazana ce kawai, akwai masu cewa da gaske ne. Malamai da dattawa suna ta kai da komo. Abin da ya wuce haka ban sani ba."

"Ba rediyo na kunna ba. Ɗana nake tambaya."

"Ɗanka ma bai sani ba, Baba."

Ya yi tsaki, muka ci gaba da tafiya.

Ana cikin haka Kawu ya ce zai tafi. Ya sami masu babura da ke tsallakar da mutane ta cikin daji, su kauce wa shinge. Mutum ne mai hawan jini, idonsa ɗaya ba ya gani sosai, ga ruwa ana yi, rafuka sun cika, ga jami'an tsaro na ɓangarorin biyu kowa a tsorace da yatsa a kan kunama. Na faɗa masa duk wannan dalla-dalla. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na gode, Malam. Amma bai kamata in zauna ina cin tuwon gidan nan ba alhali ban san inda ɗana zai nuna bindigarsa gobe ba."

Inna ta kira ni ciki. Ta ce, "Ka faɗa wa babanka, in mutumin nan ya fita daga gidan nan da 'na gode' a bakinsa, ko ya isa lafiya ba zai ƙara dawowa ba. An rufe ɗakin nan ke nan."

Na faɗa masa. Ya ce, "Na ji." Na ɗauka shi ke nan.

Da safen tafiyar, bayan an yi ɗan yayyafi, Kawu ya fito da jakarsa da butarsa, ya tsaya a ƙofar soro yana dube-dube. Takalmansa babu. Baba yana zaune a bakin zaure a kan tabarma, ya tare hanya, takalman suna ƙarƙashin cinyarsa, hancinsu ya leƙo. Maƙwabta biyu da suka zo sallama suna tsaye, da liman.

"Alhaji," in ji Kawu, "ko an ga takalmana?"

Baba bai dube shi ba. Sai ya kalli liman, ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

"Malam, ka zama shaida. An ce za a yi yaƙi, to ni na riga kowa. Ga fursuna na farko na kama, ko harsashi ban ɓata ba. Dama Badamagare haka yake, da tuwo ake kama shi."

Na yi shekaru ina aiki da shiru, na san tsawon kowane iri. Ban taɓa jin mai nauyin wannan ba. Ƙwace wa abokin wasa takalmi ko hula abu ne da aka saba, amma ba a ranar da 'ya'yan mutum biyu suke jiran umarni ba. Liman ya sunkuyar da kai. In Kawu ya ɗauki maganar da zafi, Baba ya ci mutuncin baƙonsa a gaban jama'a, kuma babu gyara.

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye butar a hankali.

"Fursuna," ya ce. "Kai, Bakano. Ku da kuka yanke mana wuta. Wace wutar? Tun da na zo gidan nan sau nawa aka kawo ta? Kun hana maƙwabci abin da ku ma ba ku da shi, kuna ta murna a cikin duhu."

Liman ne ya fara fashewa da dariya. Baba ya ce, "Mu duhun namu na gado ne, ku na aro ne."

"Miƙo min takalmana, bawan banza, kafin in aika a gaya wa ɗana ya taho da igwar kakansa."

"Ya taho. Autana yana nan yana jiransa, ya nuna masa hanyar ɗakin Damagaram. Dama nan ne masaukinku tun kaka da kakanni."

Wannan ne karo na farko da aka ambaci yaran nan biyu a gaban juna. Kawu ya zauna a kan tabarmar, daf da Baba, ya cire hularsa ya share fuska da ita. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Rabona da barcin kirki tun ranar da ɗan nan naka ya karanta abin nan."

"Ni ma haka," in ji Baba. "To ka tafi daji ka mutu, sai su fasa? Zauna mu yi rashin barcin tare."

Liman ya ɗaga hannu ya yi wa yaran biyu addu'a a haɗe, da duk 'ya'yan mutane da ke sanye da kaki a ɓangarorin biyu. Kafin a shafa, Inna ta aiko da koko da ƙosai, kwano ɗaya.

Ranar na tafi aiki na karanta labarin tawagar da ke ƙoƙarin sasantawa. Na karanta shi da muryar da aka koya mini. Amma a raina na san cewa a lungunmu an riga an yi irin wannan zama tun da safe, kuma wanda ya jagorance shi mai sayar da fata ne da ya yi kasadar mutuncinsa. Mutanen da na fito daga cikinsu sun taɓa yin wannan yaƙin, sun ga abin da ya ci, suka ajiye wa jikokinsu hanyar da za su riƙa tuna shi ba tare da sun sake shi ba. Ban taɓa jin girman zama ɗan gidan nan kamar ranar ba.

Yaƙin bai zo ba. Iyakar dai ta daɗe a rufe, aka gama damina, aka yi girbi, Kawu yana nan. Ya koma zama a rumfar Baba a Kurmi, yana kore masa masu saye da cewa fatar Kano ta akuyar da yunwa ta kashe ce, su kuma suna tsayawa don su rama, har su saya.

Da aka buɗe hanya, Baba ya saya masa sababbin takalma, ya ce ba zai mayar da fursuna gida da tsumma a ƙafa ba. Muka raka shi bakin lungu inda mai adaidaita yake jira. Ya shiga, ya leƙo da kai.

"Aku," ya ce da ni, "ka faɗa a rediyonka cewa na yafe wa Kano, saboda tuwon Hajiya. Kai kuma Bakano, tsofaffin takalman nan nawa na ƙirga su, guda biyu ne. In dawo in tarar ka kai su kasuwa."

Suna nan a ɗakin Damagaram, a bayan ƙofa. Inna takan kakkaɓe su in ana shara.