Kafson Inna da 'Yan Dubiya

Inna, mahaifiyata, mace ce mai kyauta ta fitar hankali. Ka yaba ƙyauren ɗakinta, sai ta cire ta ɗora maka a ka. Shekarar da kututturen dawa ya soke ta a gonarmu ta Tudun Kaya, wannan hali ya kusa raba ta da ƙafarta.

Na kai ta asibiti a Karaye, aka wanke ciwon, aka ba ta kafso. Kumburi ya fara sauka. Sai ga 'yan dubiya, kowa da kukansa: wannan haƙori, waccan ciwon baya, wata ma kazarta ce ke gyangyaɗi. Inna kuwa ba ta iya sallamar baƙo haka nan. Kowa ƙwaya ɗaya, har kazar.

Kafin mu farga ƙafa ta koma turmi, zazzaɓi kuwa sai ka soya ƙwai a goshinta. Muka koma. Malamar asibitin, wata doguwa mai fara'a, ta ce, "Inna, ina sauran maganin?"

"'Yar nan, maƙwabta ne suka zo gaishe ni."

Malama ta riƙe haɓa, ta ja kujera. "Inna, ƙwayoyin cutar nan kowace da katangarta, kullum cikin yaɓe suke. Maganin da muka ba ki yaɓen yake hana su, katanga ta tsage, su fashe. Wani maganin kuma haihuwa yake hana su, har jiki ya gama da su. Kin janye shi ana tsakiyar aiki, waɗanda suka tsira sun sake hayayyafa. In aka kuma, maganar yanke ƙafa za a yi."

Inna ta ce, "Wato ni na ba 'yan banza hutu suka gyara gini?"

"Ke kuwa, Inna. Su ma maƙwabtan ba taimakonsu kika yi ba."

Aka ba ta sabon magani. Da yamma wata ta shigo tana "Wash, bayana!" Inna ta dubi kafso, ta dubi baƙuwa, fuska kamar mai naƙuda, ta ce, "Allah ya sawwaƙe, ki je asibiti." Ta cika mata zani da gyaɗa. Gyaɗarmu ta shekara ta ƙare a dubiya, amma magani ita kaɗai ta shanye shi tas.

Da lokacin kaka ya zo, na ɗauke ta a babur muka je bikin jikarta a Jajaye. Tun daga bakin gari ta ce in sauke ta, da ƙafarta za ta shiga. Ni da ke kan babur sai da na ƙara wuta kafin na cim mata.