Motar Gawa Ba Gawa a Ciki

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, ranar Juma'ar da ta wuce, mu uku: ni da Kawuna da wani maƙwabcinmu Bahaushen Sudan mai gyaran mota. Masu tambayata inda na shige kwana biyu, ga bayani. Kuma in faɗa muku gaskiya, ba marmarin yawo ne ya fito da ni ba. Na gaji ne, dabarata kuma ta ƙare.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Direban motar asibiti ne a garinmu tun yana saurayi har ya ajiye aiki. Ciwon zuciya ya kawo shi Alƙahira, kuma tunda ni ne ɗan gidan da ke karatu a nan, ni aka miƙa wa shi. Ni ne tafinta, ni ne mai bin layi, ni ne mai dafa miyar da ba gishiri, ya ci yana hararata. Rabona da zama a aji har na manta. Bayan an gama gwaje-gwaje likita ya ce sai an yi aiki, kuma ba abin da za a ja wa lokaci ba ne. Ya ce mu kawo amsa ranar Lahadi.

Kawu ya ce ba zai yi ba. Na ɗauka wuƙar yake tsoro, na yi ta kawo masa labarin waɗanda aka yi wa suka tashi. Sai da ya bari na gama surutuna sannan ya ce, "Ustazu, ni na ɗauki gawa ta fi gashin kanka, mutuwa ba baƙuwata ba ce. A gida in na mutu, layinmu kaɗai ya cika sahu. Nan wa ya san ni? Kai da wa za ku bi makarata?" Daga ranar ya ɗaure jakarsa ya ajiye a bakin ƙofa, har butarsa ta alwala ya cusa a ciki, yana aron tawa. Kullum sai na yi tuntuɓe da jakar nan in zan fita.

Maƙwabcin namu ne ya kawo shawarar fitar. Mai garejin da yake wa aiki yana da wata tsohuwar Fijo ta ɗaukar marasa lafiya, kuma yana cikin wasu mutane masu son irin waɗannan tsofaffin motoci, da kan haɗu lokaci-lokaci a wata gona bayan Giza. An ba shi ita ya kai. Ya ce, "Ka zo da Hajji ya ga motocin zamaninsa, ko ransa ya yi sanyi." Na ce to, ko ba komai zan huta da kallon jakar.

Da muka isa garejin Kawu ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa bonet, ya leƙa taya. Na buɗe masa baya don akwai gado, ya miƙe abinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ban kai nan ba tukuna." Ya buɗe gaba ya zauna. Haka aka yi ni mai lafiya na tsallake Alƙahira a kan gadon majiyyaci, gwiwoyina a haɓata, ina riƙe da ledar magani.

Wanda bai ga Alƙahira da safiyar Juma'a ba zai rantse garin nan ba ya barci. Titi fayau, sai masu kai burodi a keke da faranti a ka, da masu wanke ƙofar shago. Mun bi ta gefen kasuwar Ataba, inda ranar aiki ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba, muka tarar rumfuna a rufe da tamfol, kyanwoyi ke mulki. Daga kan gada na hango unguwar Zamalek ta ƙaramar tagar baya, bishiyoyinta a luf-luf, kogin Nilu kuma ko motsi ba ya yi. Kawu bai kalli ko ɗaya ba. Hannun direba yake kallo, duk sanda aka canza giya sai ya ja tsaki ƙasa-ƙasa.

A Giza muka tsaya karyawa wajen wani mai amalanken ful, wato waken da suke dafawa ya kwana a tukunya. Ni da direba muka ƙara da ta'amiyya, ƙosan mutanen nan. Ledar da bara za ta ƙosar da mutum biyu, bana mutum ɗaya ma sai ya ƙara da ruwa, farashin kuma ya hau. Na roƙi mai abincin ya zuba wa Kawu ba gishiri ba mai. Ya dafe ƙirji ya ce, "Ma'alish, sannu ya Hajji, Allah ya ba da lafiya," ya ƙara masa burodi kyauta. Kawu ya ci loma biyu ya ce wannan ai hukunci ne.

Bayan mun bar babban titi hanya ta tsuke. Hagu rafin ban-ruwa ne, dama gonakin ciyawa da dabino, ga jakuna, ga tuktuk, a-daidaita-sahun nan tasu, suna kutsawa ta ko'ina. Sau ɗaya motar ta yi zafi muka tsaya aka ba lagireto ruwa. Bayana ya riƙe, warin fetur ya cika mini kai, na fara tambayar kaina wa ya aike ni.

Abin da ya fi wannan muni yana jirana a gonar. Muna shiga na ga motocin asibiti jere a inuwa, farare, wata Marsandi ce, wata Bosuwaja, har da Landuroba mai jiniyar da ake murzawa da hannu. Sai na waiga ɗaya ɓangaren. Motocin ɗaukar gawa ne, sun ma fi na asibitin yawa. Akwai baƙaƙe dogaye masu labule, akwai wani keken doki mai gilashi da sassaƙa wanda aka ce Kiristocin garin suka yi amfani da shi a da, akwai irin na Musulmi da aka rubuta wa Takrimul Insan a jiki, ma'ana karrama ɗan Adam. Na ja maƙwabcin gefe na ce, "Haba malam, mai ciwon zuciya ka sa na kawo kasuwar makara?" Ya buɗa hannu ya ce, "Wallahi na ɗauka ka sani. Ai tare suke tafiya, wannan ta kai mutum asibiti, wannan ta dawo da shi."

Na juya in lallaɓa Kawu mu koma, na tarar har ya yi nisa. Masu motocin yawanci dattawa ne, wasu tsofaffin direbobi, wasu masu kuɗin da suka rasa abin yi da shi, kowa da tsumma a hannu yana goge abin da ya riga ya yi ƙyalli. Ɗaya ya kawo tsofaffin hotuna yana nuna yadda ake ɗaukar majiyyaci a da. Kawu ba ya jin Larabcin Masar, su ba sa jin Hausa, amma na same shi da wani mai ƙaton gashin baki sun tura kai cikin inji suna musu da hannu. Da aka gane shi ma ɗan sana'a ne, sai aka jawo masa kujera, aka kawo shayi, ana ta kiransa Usta, sunan da suke ba gwanin direba. Rabon da in ga haƙoransa tun a filin jirgi. Duk da haka da na matso ya ce mini a hankali, "Motocinsu sun yi kyau. Ka tuna fa ka yi maganar tikitin komawa gidan nan gobe." Na samu gindin dabino na zauna.

Mun yi Juma'a a wani ƙaramin masallaci kusa da gonar. Bayan an sauko aka ce za a yi ɗan zagaye, a bi ta cikin ƙauyen a dawo. Mai gashin bakin nan ya kama hannun Kawu ya ce lallai sai ya shiga tasa, wata farar mota mai rubutun Takrimul Insan, ita ce a gaba. Na buɗe baki zan hana, Kawu ya riga ya shige. Dole na matsa kusa da shi, mu uku a kujerar gaba, bayanmu fili ba komai sai tabarma.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne lokacin. A ƙauyukan nan ana fita da gawa ne bayan salla, ga shi mun shigo daidai mutane na watsewa daga masallatai, motar gawa a gaba, wasu a bayanta, ana tafiya a hankali don ramuka. Wurin shan shayi na farko da muka wuce, gaba ɗaya aka miƙe tsaye. Mai shisha ya ajiye, masu wasan domino suka bar teburi, kowa ya ɗaga manuniya yana kalmar shahada. Mai shago ya kashe rediyo. Wata mata da kwandon kabeji a ka ta tsaya cak tana motsa baki. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wahhiduh!" wato ku kaɗaita Allah, titi ya amsa da la ilaha illallah.

Kafin mu kai kwana, na duba madubi na ga mutane sun biyo mu a ƙafa. Masu jallabiya, masu wando, wani da ledar tumatir, wani ya jingine kekensa a bango ya shigo sahu. Direbanmu ya fito da kai ta taga yana ɗaga hannu yana cewa, "Fadya ya jama'a, fadya!" Yana gaya musu ba kowa a ciki. Na kusa suka ji, suka yi dariya suna tafa hannu, wani ya zage shi zagin wasa. Na baya ba su ji ba, suka ci gaba da tahowa, wasu kuma na ƙaruwa daga lunguna. Ni kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

Dole aka tsaya a bakin rafi don a sallami jama'a. Wani dattijo ya iso tagar da nake yana haki, takalminsa duk ƙura. Direba ya ba shi haƙuri ya yi masa bayani. Dattijon ya leƙa baya ya ga tabarma, ya ce, "Khalas, ba komai. Ai ta taɓa ɗaukar wani, addu'ar ta same shi." Ya ɗaga mana hannu ya juya.

Duk wannan abin idon Kawu na kan madubi. Sai da muka kama hanyar gonar ya taɓa gwiwata.

"Me tsohon nan ya tambaya? Gawar wa ce?"

Na ce, "Bai tambaya ba, Kawu."

"Sauran fa? Da suka biyo mu, ba wanda ya ce ɗan gidan wa ne?"

"Ban ji ba."

Ya gyaɗa kai, ya mai da idonsa kan titi.

Dawowa ta fi tafiya wahala. Gari ya farka, gadar da muka haye da safe ba tsayawa ta cushe, ga hon ta ko'ina, ni kuma na koma kan gadona na baya. Wani abin dariya, direbobi na ganin motarmu suna ƙoƙarin matsa mana, alhali jiniyarta ta mutu tun kafin a haife ni. Mun tsaya an sha ruwan rake, Kawu ya kurɓi nawa sau ɗaya ban hana ba, ba ni da ƙarfin gardama. Ana kiran magariba muka shigo Madinat Nasr, na hau bene ina jan ƙafa, shi yana hutawa a kowane hawa.

Na buɗe ƙofa na yi tuntuɓe da jakar kamar kullum. Na ɗauko butata zan miƙa masa, sai na ga ya durƙusa yana kwance igiyar jakarsa. Ya zaro tasa butar ya ba ni ya ce in cika masa. Ina cikin banɗaki na ji muryarsa: "Ustazu, ranar Lahadi ka ce wa likitan nan ya sa rana. Mutanen da suka tashi wa tabarma, sa tashi mini." Na bar famfo a buɗe na daɗe a tsaye, don hawaye ne suka zo mini, kuma ban so ya gani.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan kaɗan ne. Na shekara da shekaru a garin nan ina ƙorafin hayaniyarsa da tsadarsa da masu gidan haya, ban taɓa lura da cewa ana miƙewa gawar da ba a san mai ita ba. Na kuma ɓata makonni ina ba Kawu amsar tambayar da bai yi ba. Har yanzu a gajiye nake, kuma ban san yadda aikin zai kaya ba, likita ma bai yi mana alkawari ba. Ku sa shi a addu'a. Jakar dai yanzu tana ƙarƙashin gado, babu komai a cikinta, butarsa kuma na banɗaki kusa da tawa.