Ninki na Uku a Rigar Zainab

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar Yaya Rabi, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, amma har yau in na ji ƙarar keken ɗinki a lungunmu na Kabara sai na waiga.

Ita ba tela ba ce, kuma kar ka kuskura ka kira ta haka. Ɗinki dai take so, kamar yadda wasu ke son hira. Labulen ɗakinmu, zanin gado, rigunan filo, duk aikinta ne. Shekarar da soja suka miƙa mulki, aka yi ta rabon atamfa mai hoton 'yan takara a unguwa. Yaya ta karɓi tata, ta yi shafin rigunan filo da ita. Ta ce, "Tunda sun ce hutu za su kawo mana, to bari mu fara kwana a kansu." Allah ya jiƙan Yaya, akwai baki!

A shekarar ta ɗinka wa 'yata Zainab rigar sallah, shuɗiya, Zainab na da shekara huɗu. Yaya ba ta yanke rarar yadi a kayan yara. Kalmashe ƙasan rigar take yi ninki uku, kowanne da ɗinkin hannu, in yarinya ta ƙara tsawo a warware ɗaya. Na farko ita ta warware da kanta. Na biyu ni na warware, bayan an yi mata arba'in, ina yi ina kuka. Na uku na kasa. Na jefa rigar a akwati na rufe.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ɗinkin yanzu. A nuna wa tela hoto a waya, ya ɗame yarinya cif-cif, sallah ɗaya rigar ta tashi aiki. Na san sai ta riƙe haɓa ta ce, "Su ba sa sa ran yaran za su girma ne?"

Labulayen sun mutu, zannuwan sun zama tsumma, keken ma tsatsa ta cinye. Wannan ninki shi kaɗai ne ɗinkin hannunta da ya rage a gidan nan.

Ana saura kwana uku ƙaramar sallah Zainab ta zo da 'yarta, takwarar Yaya, muna ce mata Mimi. Yarinyar ta tono rigar ta saka, ta kafe ita za ta sa ranar idi. Ga ta zanƙaleliya, rigar iya gwiwa. Na ce a'a, har da ɗaga murya. Mimi ta ɓare baki. Zainab ta ce a hankali, "Mama, ai don a warware ta yi shi."

Na ji haushinta, don gaskiya ta faɗa. Bayan la'asar na zauna a tsakar gida da reza. Zaren ya yi gardama, ɗinkin Yaya ba ya sakin jiki da wuri. Ina tsinka shi ɗaya bayan ɗaya, ina jin kewarta kamar jiya aka fita da ita.

Da ninkin ya buɗe, sai na ɗaga rigar na duba. Duk rigar ta koɗe, amma yadin da ke ɓoye a ciki shuɗi ne shar, yadda yake ranar da muka sayo shi ni da ita a kasuwa.

Mimi ta je idi da riga mai kala biyu, tana ta nuna wa mutane ƙasan. Ta sauko mata har idon sawu, daidai, kamar Yaya ta auna ta.