Armaya'u da Muryar Zuwairatu

Armaya'u mai gyaran waya ɗan Ruma ne. Na san mahaifinsa, gonakinmu kan iyaka ɗaya suke. Da zama ya gagara a can, sai ya dawo Batsari ya kafa tebur a bakin kasuwa, yau shekara shida ke nan. Ba shi da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Abin da ya kai ni wurinsa muryar mai ɗakina ce, marigayiya Zuwairatu. Saƙo uku ta bar mini a waya, ɗaya ma faɗa take yi don na manta shan magani. Ba ni da hotonta, muryar nan kaɗai gare ni. Rannan wani rubutu ya yi ta fitowa a wayar, na tsorata, na kai masa.

"Baba, sabuwar manhaja suke so ka karɓa, amma beta ce."

"Mene ne kuma beta?"

Ya ce masu haɗa manhaja sun ari baƙaƙen farko na Girkawa ne, alfa da beta, kamar alif da ba a wurinmu. Alfa ita ce wadda suke gwadawa a cikin gida. Beta kuwa an fito da ita waje, amma ba ta gama nuna ba.

Na ce, "To ai sabon irin gero ke nan. A gwada shi a bayan ɗaki tukuna, sannan kunya biyu a gefen gona."

"Ka ga, Baba, ka riga Turawan sani."

Ashe shi ma ya taɓa ƙonewa. Farkon zuwansa, ɗoki ya sa ya ɗora wa wani makiyayi, Hamma, irin wannan a waya, lambobin mutanensa kaf suka ɓace. Har yau Hamma in zai wuce sai ya ce, "Sannu, malamin gogewa." Tun daga nan Armaya'u ya ajiye wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, komai sabo ita ke fara ɗanɗanawa, kwana bakwai cur.

"Kada ka taɓa komai, Baba, sai kasuwa mai zuwa."

Na yi haƙuri. Da na koma ya ce sau biyu wayar gwajin ta sandare, ba zai sa mini ba. Ya kwafe saƙonnin a ɗan katin memori, ya naɗe a takarda ya ba ni, sannan ya kunna na wayar don in tabbata suna nan.

Sai ga Zuwairatu tana cewa, "Malam, ka sha maganin kuwa?"

Armaya'u ya sunkuyar da kai, ya shiga goge teburinsa.