Ummussalma, Mai Fara Duba Bayan Kwamfuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Malama Ummussalma Abdulrahman, malamar lissafi a nan Haɗeja, bayan jinyar ciwon ƙoda. Ni Binta, tare muka tashi a unguwa ɗaya, tare muka yi karatu, a makaranta ɗaya kuma muka koyar.

Ummu, tun da kika tafi, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ambaci kwamfuta. Ke ce wadda ake nema ta yi rakiya idan za a sayi ta tafi-da-gidanka. Mai shago zai buɗe miki fuskarta yana yabon haske, ke kuwa sai ki rufe, ki kifa ta a cinya, ki fara duba bayanta. In kin ga sukuru, ki tambaya: batirin yana fita? Akwai gurbin ƙara mata abin sauri? In madannai suka mutu, ana samun irinsu a Haɗeja, ko sai an tafi Kano? In ba ki ga sukuru ba, ko kunnawa ba kya yi.

Na tuna ranar da Hajiya Mairam, shugabar mata masu turara shinkafa a Kafin Hausa, ta nace a kan wata siririya mai ruwan azurfa don aikin ƙungiyarsu. Kika ce mata, "Hajiya, za ki sayi injin ban-ruwa da babu kayan gyaransa a kasuwa?" Ta yi dariya ta ɗauki baƙar, mai kauri, ta hannu 'yar Kwatano. Ta zo gaisuwa tana cewa har gobe da ita suke aiki.

Ni ce ban ji shawararki ba, don ina da dalili. Taki kwamfutar ce ta kai ki shagon Dibora, mai gyaran nan 'yar Kafanchan da ke bakin kasuwa. Da farko batir kika je saye. Daga baya kika koma a ƙara mata wurin ajiya. Kafin in ankara, kin sami benci a shagon. A tashi daga makaranta in ce mu biya gidana, ga fura a firji, ki ce, "Bintalo, bari in leƙa Dibora, an kawo mata kaya." In bi ki, in zauna kamar baƙuwa, ku kuna sunkuye a kan buɗaɗɗiyar kwamfuta kuna dariyar abin da ban gane ba. Na yi kishi, Ummu. Kin sani, don kin sha tsokanata a kai, kuma ba zan ce miki ya wuce ba.

Shi ya sa na sayi siririyar da babu sukuru ko ɗaya a jikinta. Na ce tawa ba za ta taɓa kai ni shagon kowa ba. Haka kuwa aka yi. Zafin bazara ya kumbura batirinta, aka ce a manne yake, aka tura Kano aka dawo da ita yadda ta tafi. Ba ki ce "ai na gaya miki" ba. Kika riƙa kawo mini taki ina shigar da makin ɗalibaina, ke kina jira. Wannan halin naki ya fi gori ciwo.

Taki kuwa ta ga duniya. Da daminar da ruwa ya cinye hanyar Guri, kika shiga kwalekwale don kai wa ɗalibai atisayen jarrabawa, jakarki ta faɗa cikin ruwa. Ban manta ba, ni ce na tarye ki da busasshen zane, amma Dibora kika fara kira. Ta warware kwamfutar gaba ɗaya, ta shanya kayan cikinta, ta ciro madannai daga wata matacciya irinta ta saka. Kika dawo kina murna, kina cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na ce miki, "To ni ma ai tsohuwar zuma ce." Kika dube ni kika yi murmushi, ba ki ba ni amsa ba.

Amsar da na yi ta jira ke nan: a cikinmu wace ce aminiyarki? Ko a asibiti, ina riƙe da hannunki, idona yana kan ƙofa, ina fatan kada yau ma Dibora ta riga ni kawo kunu. Da jiki ya yi tsanani, kika sa mijinki, Malam Shu'ibu, ya miƙo jakar kwamfutar. A gabansa kika ce, "Bintalo, kyauta na ba ki tun ina da rai, kada a sa ta cikin gado." Allah ya sani, a cikin kukan da na yi har da daɗi. Na ce a raina, to, an raba gardama.

Sai bayan sadakar uku na zuge jakar. Ga kwamfuta, ga caja. Amma babu gwangwanin alewar nan da kike tara ƙananan sukudireba da kayan gyaran da kika yi shekaru kina tsintowa. Na duba ko'ina. Da yamma Dibora ta shigo, idanunta a kumbure, ta durƙusa ta gaida Inna Kulu, mahaifiyarki, sannan ta matso kusa da ni.

"Malama Binta, gwangwanin yana wurina," in ji ta. "Ta ce in ajiye. Ta ce fankar da ke sanyaya kwamfutar ta kusa mutuwa, kuma mai kwamfutar ba za ta zo da kanta ba sai dole ta sa ta."

Kin san halina sarai, kika raba kayan yadda ɗaya ba zai yi amfani ba sai da ɗayan. Makon jiya fankar ta fara ƙugi. Na yi biris da ita, har kwamfutar ta soma ɗaukewa ina tsakiyar aiki. Jiya na naɗe ta a mayafi na tafi bakin kasuwa. Dibora ta goge mini bencinki. Na zauna. Ta kifa kwamfutar a cinya yadda kike yi, sai duk muka kasa kallon juna.

Ya Allah ka jiƙan Ummussalma, ka yafe mata kurakuranta, ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka haskaka kabarinta, ka sa ilimin da ta bayar ya bi ta, ka sada mu da ita a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kulu, da Malam Shu'ibu, da 'ya'yanta Amira da Zainulabideen, da dukan ɗalibanta. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Sai ke Dibora. An yi ta yi mini gaisuwa a matsayin aminiya, ke kuwa kina gefe ba wanda ya yi miki. Bakina yana nauyi, amma zan faɗa: Allah ya ba ki haƙurin rashin aminiyarki.