Tambayoyin Umma a Lokacin Kulle

Ina shekarata ta biyu a Kuala Lumpur aka rufe gari saboda annoba. Digiri na uku nake yi a kimiyyar sararin samaniya, ina nazarin yadda iskar can sama take jinkirta saƙon da taurarin ɗan'adam ke aikowa ƙasa. Na'urorinmu suna kan rufin jami'a suna tara bayanai su kaɗai, mu kuwa an ce kowa ya zauna a gida. Ɗakina yana hawa na sha bakwai a unguwar Danau Kota. Ba na fita sai sayen abinci: in sa takunkumi, in sauka shagon abinci da suke kira mamak a ƙasan benenmu, a auna zafin goshina, a ƙunsa mini shinkafa, in hawo.

Umma, mahaifiyata, tana Kano. Da can sau ɗaya muke waya a mako, amma da cutar ta zo kullum sai ta kira. Wata rana na ce ta ɗan jira ni in yi magariba.

"Magariba kuma? Mu ko azahar ba a kira ba," in ji ta. "Wai 'yar nan, ranar da ta faɗi a wajenku ita ce wannan da ke dukan tsakar gidana, ko taku daban ce?"

Ta san akwai bambancin lokaci, da yatsu take lissafa shi kafin ta kira. Dalilin ne ba wanda ya taɓa gaya mata. Na buɗe baki, sai na ji duk abin da ke zuwa mini Turanci ne. Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Washegari na sayo lemo ɗaya. Na ɗiga masa biro a wuri biyu, ɗaya Kano, ɗaya nan. Na ja labule, na kunna tocila a kan tebur, na kira ta da bidiyo. Na riƙa juya lemon a hankali har ɗigona ya shiga duhu, nata yana tsakiyar haske.

"Sake juyawa," ta ce. Na sake. Sannan ta ce, "To in haka muke ta wulwulawa, me ya hana mu jin jiri?"

Na tuna mata tafiyarta aikin hajji, yadda jirgi ke tsala gudu amma shayin da ke gabanta ko motsi bai yi ba. Ta yi dariya har wayar ta karkace, na koma kallon rufin ɗakinta.

Ita ta ce in maimaita bayanin a saƙon murya, za ta tura wa maƙwabciyarta. Daga maƙwabciya ya tafi wajen matan da suke islamiyya tare, su ma an rufe musu makaranta. Kafin mako ya zagayo, Umma ta zama mai tattara tambayoyi. Me ya sa wata yake ragewa? Ina taurari suke zuwa da rana? Da safe ina aikina a kwamfuta, da la'asar ina neman kalmomi. Wata kalmar sai in kwana biyu ina juya ta, in gwada wa Umma. In ta ce "ban gane ba", in watsar.

Tambayar da ta fi burge ni daga Baffa ta zo, yayan mahaifina, wanda rediyo ba ta barin gefensa. Ya ce shekara da shekaru yana lura tashoshin nesa sun fi fitowa tangaram bayan faɗuwar rana, mene ne sirrin? Na miƙe tsaye don murna, domin wannan iskar ita ce aikina. Na ce masa akwai wani rufi na iska can sama da ke dawo da muryar rediyo ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani da rana ke hurawa, yana shanye muryar; in rana ta faɗi sai na ƙasan ya lafa. Baffa ya aiko da amsa: "Ashe abin da aka tura ki karantawa ke nan. Allah Ya yi albarka."

Bayanin da na tura wa Baffa ne ya kai kunnen wata mai shirya shirye-shirye a wani gidan rediyo a Kano. Ta nemi in riƙa ba su minti goma duk mako. Ina naɗa a cikin durowar kaya, tsakanin zannuwa, saboda ƙarar babura masu kai abinci. Da aka buɗe jami'a na koma ɗakin bincike, amma ban daina ba. Yanzu na dawo gida ina koyarwa, shirin kuma yana nan.

Kafin in baro Malesiya wata mata ta tambaya ko mene ne a bayan tauraro na ƙarshe. Na duba iya dubawata, na ce a shirin ba mu sani ba tukuna. Ana gamawa Umma ta kira.

"Har ku?"

"Har mu, Umma."

"To in an gano, ki fara gaya mini kafin rediyo."